Yatsan Bappa

A Dadin Kowa, ƙasan dam, inda rani ke da kore,
Bappa Gidado bai taɓa tambayar kowa ko gona na jin ƙishi ba.
Durƙusawa yake a bakin kunya,
ya soka babban yatsa har gaɓa ta biyu,
ya zaro, ya murza, ya kai hanci.
"Tana da sauran na jiya," in ji shi,
ko kuwa, "Tayar da inji."

Ni na dawo daga makaranta da ƙarafa biyu kamar tsinken tsire,
da waya ja da baƙa, da faranti mai shan rana.
Na ce, "Wannan zai ji danshi, ya kunna famfo da kansa."
Ya juya shi a tafi.
"To. Shi ma yana da hanci?"

Ba shi da shi. Lamba kawai yake tofarwa,
bai san albasa ba, bai san tattasai ba.
Sai na ɗauki littafi na bi Bappa mako bakwai,
ya soka yatsa, in soka ƙarfe.
Ya ce, "Ta ƙoshi," in rubuta.
Ya ce, "Saura ƙiris ta yi kuka," in rubuta.
Jigawa da lambarta, laka da tata.
A gindin mangwaro ya ce kada in yarda da kowa,
har da shi.

Bara ciwon suga ya ɗauke masa ji.
Ya soka, ya zaro,
ya dubi yatsan kamar na aro,
ya goge a riga, ya tambaye ni ƙarfe me ya ce.
Kafin a cire albasa muka kai shi makwanci.

Yanzu da asuba, ladan bai gama ba,
ina kwance nake jin famfo ya yi tari, ya kama,
ruwa na bin tiyo ɗis, ɗis.
Maƙwabta na cewa, "Na'urar Hansatu akwai basira."
Ba na gyara musu.
Ɗari biyar da tamanin da uku:
nan ne ya ce a tayar da inji.
Sau biyu tsatsa na cin ƙarfen ina sauyawa,
lambar kuwa ban taɓa ta ba.

Wataran, in ba kowa, nakan durƙusa
in soka nawa, in murza, in kai hanci.
Ƙasa nake ji kawai.
Gobe zan sake.