Daga Kawo Zuwa Sabo

Ni kwandasta ne, rabin jikina a waje yake yini,
hannu ɗaya a ƙofa, ɗaya dunƙule da canji.
Ran Talata muka ɗebo su daga Kawo,
gwiwa na gogar gwiwa,
ba mai tambayar gwiwa inda take ibada.

A Unguwar Sarki wata mata ta shigo da buhun citta,
buhun ya hau takalmin wani mai farar shadda.
Bai ce kin ɓata mini kaya ba.
Kalma ɗaya ya jefo,
ta faɗa kan matar, da garinsu,
da kakanninta da ke kwance ba su san an yi ba.
Ba zan maimaita ta ba. Da bakin nan nake cin tuwo.

Gambo direba ya danna burki har muka yi sujada.
Ya ce, "Sauke shi, motata ba juji ba ce."
Wata nas a kujerar gaba ta ce,
"Ka sauke shi, ya hau ta baya da kalmarsa a aljihu?
Bar shi nan ya sha zafinmu."
Dogara, ɗan makarantar da ke bina naira hamsin,
ya ɗaga waya: "Bari duniya ta ga fuskarsa."
Baba Tanimu ya kama masa hannu,
hannun da ya yi shekara talatin a masaƙar Kakuri:
"Yaro, na ga shekarar da magana ta riga mutane tsallake gada.
Da ta dawo, rufin da ya rage muka ƙirga.
Ajiye ashanar nan."
"To mu yi shiru ke nan, Baba?
Ai shirunku ne ya yi masa wannan ƙibar."

Daga baya wani ya ce akwai hukuma, a kai shi caji ofis.
Na kusa da shi ya yi tsaki:
"In aka fara ɗinke bakuna,
ka fara duba wa ke riƙe da allurar.
Yau nasa, jibi naka."
Mai shadda ya gyara hula, ya ce wasa yake,
kuma ai bakinsa ne.
Nas ta ce, "Bakinka ne, amma kunnuwan namu ne."

Haka muka wuce kasuwa, kowa na auna masa hukunci,
ba wanda ya tambayi mai citta.
Tana rungume da buhunta, tana kallon taga.

Muna tsakiyar gada, ruwa ya yi ja saboda damina,
sai wani yaro a cinyar uwarsa ya ce,
"Umma, mene ne..."
ya faɗi kalmar tas,
kamar sabon karatun da yake so a yaba masa.

Har injin ma ya rage murya.

Mai citta ta juyo, ba wajen mai shadda ba, wajen yaron:
"Sunana Tabita.
Fara koyon wannan tukuna."
Yaron ya ce, "Tabita."
Ya sake faɗa, don ya yi masa daɗi a baki.

Mai shadda ya sauka a Tasha.
Ko kunya ce, ko dama can nan za shi, ban sani ba.
Ya miƙo ɗari biyar, na ba shi canjinsa cif.
Gardama ta bi mu har Sabo,
Dogara na cewa an bar shi ya sha,
Baba na cewa kowa zai kwana a ɗakinsa.

Da dare ina jera wa Gambo kuɗin yini,
ƙamshin citta bai bar motar ba.
Ni da nake yini ina kwarara sunayen unguwanni
har maƙogwaro ya bushe,
ni ne na fi kowa kusa da shi,
kuma abin da na ce kawai shi ne:
"A matsa ciki, akwai wuri."