Kafar Allura

Sista Rahila ta ce kwana ukun farko ne masu wuya.
Yau kwana huɗu.
Ko ita ce ta ɓata lissafi,
ko jikina ne labari bai iske shi ba.

Hamma nake kamar muƙamuƙi zai goce,
babu barci a bayanta.
Ido na tsiyaya, ba kuka nake ba,
hanci ya bi sahun ido.
Na jiƙe zanen gado biyu da zufa
ina roƙon a ƙaro mini bargo,
a watan da kowa a Shika ke addu'ar a kawo wuta
fanka ta juya.

Akwai gara a cikin ƙashina.
Na gaya wa likita, ya rubuta wani abu,
bai ce ƙarya nake ba.
Ƙafar dama ta daina jin maganata,
ita kaɗai take ta shure-shure
tana laluben matakin keken ɗinki
da na sayar a Sabon Gari, rabin kuɗi,
na shanye shi cikin kwana tara.

Ciki kuwa wanki ake da shi,
a murɗa, a matse, a sake murɗawa.
Sau goma sha ɗaya na kai kaina bayi kafin asuba.
Na sha biyu ban kai ba.
Baba Ɗantala ya zo da bokiti da tsumma,
ya goge, ya fita, bai ɗago ya dube ni ba.
Ban taɓa samun kyauta irin wannan ba.

Jajiberin sallah ne, a shagon Maigida Tanimu, Ƙofar Doka,
riguna bakwai a ƙusa, masu su a bakin ƙofa.
Wani ya miƙo mini 'yar ƙwaya, ba ta kai ƙwayar wake ba:
haɗiye, ka kai asuba.
Na kai.
Daga baya sai da kwalba nake sauka,
sai da ƙwaya nake tashi,
ni ina tsakiya kamar ƙyalle a bakin almakashi.

Yanzu tana kirana.
Ba da tsawa ba,
da sunan da Inna kaɗai ke kirana da shi.
Nalado, in ji ta, daga nan zuwa Kwangila mota ɗaya ce,
ka san lungun, ka san tagar,
rabi kawai, don ƙafar nan ta kwanta.
Na ciji filo.
Na ƙirga tireloli masu bin hanyar Funtuwa,
a ta talatin da shida na ɓata, na koma farko.

Da hantsi ɗan jirgin masu koyon tuƙi ya zo yana kewaye,
ya tafi, ya dawo, ya tafi.
Shi ma bai iya sauka ba tukuna.

Yaya Barira ta shigo da kunun tsamiya.
Cokali uku ya zauna, na huɗu ya dawo.
Ba ta yi mini wa'azi ba, ta gaji da wannan tun bara.
Ta kwance bakin zane, ta fito da hular
da na bari ba ta kai rabi ba,
allura na soke a jiki inda na tsaya.

Sista ta ce minti biyar, kuma a gabanta.

Na lashi bakin zare.
Ni da nake zura shi cikin duhu ina hira,
yau kafar allura rawa take,
zare na rawa, ni ina rawa,
babu mai bin kiɗan wani.
Ya wuce ta hagu.
Ya wuce ta dama.
Sau ɗaya ya taɓa bakin kafar, ya lanƙwashe.

Sista Rahila ta miƙo tafin hannu, na ɗora mata.
Ta soke allurar a aljihun farar rigarta.
Gobe, in ji ta, bayan an sha magani.

Ƙafata na ci gaba da ɗinka iska.