Dogon Tsakar Gida

Dogo ya tsaya a Ngaundare,
bai ƙaraso Garwa ba.
Kakana Cindo ya ce ba komai,
abin da ya ƙi zuwa, ƙera shi ake yi.

Shekara talatin yana kwance ƙarƙashin jiragen dizal,
baƙin mai har gwiwar hannu.
Mai tururi kuwa sau ɗaya ya gan shi,
a Duwala, matacce,
ciyawa ta tsiro ta bututunsa,
ƙadangaru na shan hantsi a kan tukunyar.
Ya auna shi da taku,
ya zana shi a bayan takardar albashi,
ya ninke, ya soke a hula.

Da ya ajiye aiki ya kwashe gyaɗar Iya daga ɗakin ƙofa,
ya kafa injin fiƙe ƙarfe
da motar tsohon injin markaɗe.
Ranar Lahadi yana bin 'yan gwangwan:
kan famfo, harsashen fitila, bututun firji,
duk tagullar da aka yar.
Su ce, Baba, me za ka yi da wannan?
Ya ce, tafiya.

Ni ce mai riƙe tocila in an ɗauke wuta.
Daga baya na zama idonsa,
don lambobin ma'auni sun fara yi masa rawa.
Tasalla, nawa?
Sha biyu da ɗigo huɗu.
Sai ya shafa da yatsansa na shida,
wannan ɗan ƙaramin da ba ya lanƙwasa,
ya ce, ƙarya ne, akwai sauran gashi ɗaya.
In sake dubawa.
Akwai.

Ƙafa shida, wata goma sha ɗaya.
Ta huɗu sau uku yana yin ta.
Magagari na kuka har bayan isha'i,
garin tagulla a gemunsa, a tabarma,
wata rana har a cikin miyar kuka.
Iya ta tsamo, ta ɗora masa a tafin hannu:
ga kayan jirginka, Direba.

Ranar farko da muka hura gawayi
tukunyar ta yi fitsari ta ɗinki.
Yaran unguwa suka bushe da dariya a kan katanga.
Bai ce uffan ba.
Ya jira ta huce, ya kwance,
damina guda yana sake liƙi.

Sai wata Asabar, Binuwai ta cika,
muka shimfiɗa dogo taku goma sha tara,
daga bakin randa zuwa gindin lemo.
Ruwa kofin shayi biyu,
gawayi kamar ƙwayar dabino,
ni da mafici, shi da kunne.
Ya ce, saurara, tana gyaran murya.
Allura ta hau, ta hau, ta tsaya.
Ya taɓa ɗan maɓalli.

Shiru.
Sannan tari ɗaya, fari.
Sannan ƙafa ta juya kamar mai tashi daga jinya,
ta sake juyawa,
cak, cak, cakacak,
kaza ta watse, Iya ta saki ludayi,
usur ɗin da ya yi da bakin buta
ya tsaga tsakar gida.
Ya wuce turmi. Ya wuce igiyar shanya.
Ya isa gindin lemo, ya tsaya yana haki.

Kaka bai ga isarsa ba,
idonsa bai kai can ba.
Ya tambaye ni, ya kai?
Na ce ya kai.
Ya ce, to, rubuta: Garwa, ƙarfe huɗu da kwata.

Yanzu jirgin na kan kabad, ƙarƙashin tsohon zanen Iya.
Takardar albashin tana hannuna,
ta yi laushi kamar ganyen rama.
A gefenta akwai zanen tarago
da bai kai ga farawa ba.
Jiya na je wurin 'yan gwangwan.
Suka ce, ke kuma me za ki yi da kan famfo?