Na Sha Ɗaya a Jerin Albashi

Shekara huɗu na yi a Santambul
ina koyon rubutun da jikokin masu shi suka daina yi.
Baƙaƙen na Larabci ne, harshen ba na Larabawa ba,
kamar ka hangi rigar mahaifinka a jikin baƙo.
Malamata Nermin ta taɓa ce mini,
tana goge tabarau da bakin gyalenta:
"Rabu da sarakuna, marubutansu sun ishe su.
Bi takardar albashi.
Nan ne talaka ke yin tari a ji shi."

Na bi.
Cikin wani kwali mai warin rumbu
na tarar da sunaye goma sha bakwai,
sojojin da aka tura kudu, can bayan Fezzan,
inda hannun Daular Usmaniyya ya kai yana rawa.
Gaban kowane suna: bai karɓa ba.
Wata tara, bai karɓa ba.
Na sha ɗayansu Dursun ne, ɗan manomi.
A gabansa akawu ya ɗora alƙalami, ya fasa.
Bai ce ya mutu ba, bai ce ya gudu ba.
Fili fari kawai, faɗin ɗan yatsa.

Wannan filin ne ya kawo ni Faya,
kwana uku daga Injamena a kan buhunan sukari,
ni da kundina da leɓe a tsattsage.

Littattafai sun cika ni da zancen tuta,
da iyaka, da wa ya riga wa
tsakanin Turkawa da Faransawa.
Tsoho Wardugu bai san ko ɗaya ba.
Sai da shayi ya kai kofi na uku
ya dubi tafinta ya ce, gaya masa
kakata ta gan su.
Jar dara gare su, da tari,
ba mai iya hawa dabino a cikinsu.
Ɗaya ya riƙa zuwa bakin rijiya
yana ɗinke wa mata guga, ba a sa shi ba.
In ya ga albasa sai ya fasa ta da dunƙule,
ya ci, idonsa na zuba,
a ce yajin ne, shi ma ya ce yajin ne.
Ranar da 'yan'uwansa suka ɗaura kaya
ba a gan shi a ayarin ba.

Ya kwance wani ƙullin tsumma.
Maɓalli ne na tagulla, wata da tauraro sun kusa shafewa.
Kuɗin mudun dabino ke nan, in ji kaka.

Na ce, sunansa fa?
Ya ɗaga kafaɗa. Baƙo dai.

Ba ni da hujja. Malamata za ta tambaya,
kuma gaskiyarta.
Maɓalli ba shaida ba ne, albasa ba ta shiga ƙasan shafi.
Na rubuta: ba a tabbatar ba.
Na mayar wa tsoho kayansa.

Amma da dare, kan tabarma, barci ya ƙi.
Dursun, da harshensu, "ya tsaya" ke nan,
sunan da uwa kan sa wa ɗan wabi
bayan ta gaji da miƙa wa ƙasa.
Ni kuwa Barau nake.
Uku Inna ta binne kafin ni.

Wata mata a wani ƙauyen Anadolu ta ce ya tsaya,
daula ta ce ya tafi.
Wa ya ji wa, ban sani ba.

Da asuba na hau tudun da waya ke kamawa.
Sau biyu tana katsewa.
A na uku Inna ta ɗauka, ta ce,
"Ka samu abin da ka je nema?"
Na ce, "Ina nan dai, Inna."
Ta ce, "To, ai shi ke nan."