Layi Na Goma Sha Ɗaya

Ni na rubuta shi, da biro shuɗi,
a littafin 'yan makaranta mai ganye arba'in,
ranar da ruwa ya ci rumfunan albasa a Mile 12,
muka fake ƙarƙashin leda, mu tara, kamar kaji.
Layi na goma sha ɗaya ya ce:
shugaba zango biyu ne, shekara uku-uku,
in ya cika ya miƙa hatimi da makullin ofis.
Alhaji Barmo ne ya fara dangwala yatsa,
har ya ce, "Ladan, ja layi a ƙarƙashi."

Ashe shekara shida nan da bakin titi ce.

Ba zan yi masa ƙarya ba.
Shi ya sa aka zuba dutse a hanyar tireloli.
Shi ya kwana a kan benci a ofishin 'yan sanda
har aka saki yaran Goronyo uku.
Da motar Mamman ta lalace a Ogere
kaya suka ruɓe,
hularsa ya cire ya zagaya rumfa rumfa.

Jiya bayan isha ya kira ni.
Janaretan maƙwabta na tari, shayi na huci,
rediyo na ba da labarin wata ƙasa can
inda 'yan majalisa suka ɗaga hannu
suka cire wa kundin tsarin mulki haƙori,
don mai kujera ya zarce.
Alhaji ya ja tsaki.
"Ƙasa gadon gidansu ce? Ba sa tsoron Allah?"
Sannan ya rage murya,
ta rediyon, da tasa,
ya turo mini littafin
da 'yar kwalbar farin ruwan goge rubutu.
"Ba don kaina ba, Ladan.
Magudana rabi aka yi.
Wa zai iya da mutanen ƙaramar hukuma?"

Na dubi buhunan da ke jingine da bango.
Albasar Aliero ce, ta gari, ja jawur.
Amma mun san halin Ikko, ni da shi:
buhun da ya daɗe a wuri guda
daga ciki yake fara laushi,
ɓawo na sheƙi, mai saye na yabo.
Ba laifin albasa ba ne. Zama ne.

Ban ce komai ba. Na ɗauki littafin.

A danfo, kusa da direba na samu wuri,
iska na bugun fuska, ƙafa a miƙe.
A Ojota kwandasta ya daki rufi:
ƙarshen hanya, kowa ya sauka.
Bai tambayi wanda ya yi zaman kirki ba,
bai tambayi wanda ya biya ba gardama ba.
Wasu na tsaye cikin yayyafi suna jira.

Cikin ɗaki, da fitilar waya,
na bi layukan da yatsa ina neman sakatare.
Na ɗaya, na biyar, na tara.
Babu.
Mai biro bai yanka wa kansa wa'adi ba.
Shekara goma sha bakwai ke nan,
tun kafin littafin, tun kafin Barmo,
aljihun rigata duk tabon tawada,
kuma ban taɓa jin nauyinsa ba.
Laifi tudu ne, in ji mutane,
ni kuwa a kan nawa na shimfiɗa tabarma.

Na ajiye kwalbar ban buɗe ta ba.
Na rubuta layi na goma sha biyu,
hannuna na rawa kamar na ɗan koyo.

Gobe da asuba, kafin tireloli su sauke,
zan miƙa biron ga Nafi'u ɗan Sale,
wanda ke lissafin buhu ɗari a waya
kafin in gama neman tabarau.
Sannan in je wa Alhaji hannu wofi
in zauna a kan buhu, kamar kowa,
ya ga mutum ya sauka
bai mutu ba.