Mai Saƙar Suwaita

Ƙarfe uku na dare, Gangare ta yi tsit,
marka na zuba a kan kwano,
duk Jos ta shige bargo,
ni kaɗai na buɗe taga.

Malam Sidi ya ja mayafi har kunne:
"Kuluwa, so kike ki kashe mu?"
Ban tanka ba.
Me zan ce? An hura gawayi a ƙirjina,
wutar ta bi wuya, ta haura fuska,
zanena sharkaf, kamar daga Dilimi na tsamo shi.

Abin dariyar,
shekara ashirin da bakwai sana'ata suwaita.
Hular jarirai, safar hannu,
mai ruwan toka ta 'yan makaranta.
Rabin yaran layinmu da saƙata suka kori sanyi.
Yau ulu ya taɓa cinyata
sai in ji kamar ƙaiƙayi.

Lissafi ma ya fara mini wasan ɓuya.
Arba'in da ɗaya, arba'in da biyu,
sai in tsinci kaina riƙe da kwarashi
ina kallon bango.
Na saƙa wa jikan Hajiya Tabawa riga,
hannu ɗaya ya ɗara ɗaya.
Na warware. Na yi kuka,
irin wanda ban yi ba ranar da aka kai Inna.
A kan hannun riga!

Ran Laraba Rumasa'u ta tambaye ni gishiri,
na daka mata tsawar da ta watsa kaji.
Da dare na jiyo ta a waya:
"Umma fa ta canza."
Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi,
wannan ta ce iska, waccan ta ce baki.
Baƙon wata da ya shekara talatin da biyar yana zuwa
ya ɗauke ƙafa ba sallama,
amma ba wadda ta haɗa wannan da wancan.
Ni ma kunya ta ɗaure mini harshe.

Sai Kangyang mai dankali a Farin Gada.
Ta gan ni ina fifita da kwali,
kowa a kasuwa na kakkarwa.
Ta yi dariya har ta dafa buhu:
"Ke ma ya iso ki?"
Ta janyo mafici daga ƙarƙashin tebur,
bakinsa duk ya cinye.
"Shekarata huɗu. Da farko na zaci hauka ne."
Muka zauna a kan buhun, mata biyu, gumi ɗaya,
ciniki ya wuce mu.
Nauyin da na sauke ranar ya fi dankalinta.

Ita ta tura ni wurin Sista Rifkatu a asibiti.
Ta auna jini, ta ajiye biro, ta saurara.
Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Ta ce abin yana da suna, kuma yana da sauƙi.

Yanzu bayan asuba nakan taka zuwa gindin dutse in dawo.
Na rage yaji, ba duka ba.
Layi goma, tsinken ashana ɗaya a faranti,
lissafi ya daina guje mini.
Azumin bana talatin cif, babu ramuwa,
na yi ta juya abin a raina kamar sabon kuɗi.

Wasu dararen har yanzu barci yaji yake yi.
Wasu ranakun zuciya ta tashi babu dalili,
in bar ta ta gama, in ba da haƙuri.
Na zaunar da Rumasa'u na faɗa mata komai,
kada tata ranar ta zo ta same ta a duhu.

Jiya Malam ya dawo daga Taminus
da bargon gwanjo mai kauri.
Bai ce komai ba.
Da dare shi ya tashi
ya buɗe tagar.