Yanka Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Dokta Luba ta ce a kashe sauti.
"Kunne uban zuga ne," in ji ta,
"yau ido zai ci tuwonsa shi kaɗai."
Aji ya yi tsit, sai kukan fanka.
A jikin bango ga ƙarti huɗu masu gashi har kafaɗa
suna ta wage baki, babu murya,
kamar tarwaɗar gulbin Rima a kan faranti.

Kiɗan rok ne, minti uku da daƙiƙa arba'in.
Aikin gida: ku ƙirga min yanka,
ku faɗa min abin da kowace wuƙa ta nufa.

Na fara ƙirga a bas daga Dundaye.
A gadar Kwalkwalawa mota ta faɗa rami,
saba'in da wani abu suka zube min a ƙasa.
Na koma farko.

Ga abin da na samo kafin Runjin Sambo:
kyamara tana durƙusa wa mai gita
har ya fi rufin ɗakin tsawo,
alhali ƙila bai kai ƙanena Sa'adu ba.
Mai ganga kuwa ba a ba shi fuska,
hannu ne, sanda, gumi, hannu kuma.
In amshi ya zo sai a saki kyamarar a kafaɗa
ta yi ta layi kamar mai zazzaɓi,
don a ce mana gaskiya ce take rawa.
Sau ɗaya tak aka yi tafiyar hawainiya:
tsirkiya ta tsinke,
ta ɗauki daƙiƙa shida tana faɗuwa.

La'asar ta same ni a rumfar Baba, tsohuwar kasuwa,
inda warin jima ya riga sallama fita.
Yana yanka jar fatar akuya,
ni ina yanka turawa da babban yatsa.

"Mi kaka kallo haka, Nafi'u, ba ka ko ƙyaftawa?"
Na miƙa masa waya.
Ya riƙe ta nesa da fuska kamar wasiƙar haraji.
Bai kalli gashi ba, bai kalli hayaƙi ba.
"Mai da baya. Tsaya nan.
Wanga maratayi na molonai, ɗinkin hannu ne.
Je gaba. To, wanga na inji ne.
Kwana biyu anka yi ana ɗaukar abin ga,
sunka haɗe ma shi kamar wuni guda."

Sau tara na kalla ban gani ba.

Ya koma kan fatarsa, ya ja zare da haƙori.
"Mu nan ɓoye ɗinki mukai,
mai saye shi ɗauka haka akuya ta haifi jaka.
Waɗanga so sukai a ga zaren.
Sun yayyaga, sun bar bakin a waje,
wai a san da zafi anka yi."
Ya tofar da guntun zaren. "Shi ma aiki ne. Miƙo basilla."

Da dare aka ɗauke wuta.
Na hau soro da sauran caji kashi goma sha huɗu,
zafin Sakkwato bai san rana ta faɗi ba.
Ɗari biyu da sha ɗaya na samu,
ko sha biyu, in walƙiyar farin haske yanka ce.
Na rubuta shafi biyar a kan zaren da aka bari a waje.

Ranar Talata takarda ta dawo da jan biro a gefe:
"Wannan ra'ayi mai kyau ne. Daga wane littafi?
Kawo madogara."

Na daɗe ina juya biro.
A ƙasan sunayen masana, inda layi ya rage,
na sa: Ɗanjumma, B., baduku,
rumfa ta bakwai daga bakin famfo,
hira da marubuci, bayan la'asar,
bakinsa da zare.